Manhaja ta ƙi shiga kwamfuta: tambayoyi da amsoshi kan fayilolin Windows da suka lalace

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kwamfuta a nan Tahoua suka fi kawowa wurin gyara: ɗaliban jami'ar Djibo Hamani masu rubuta memuwar, masu siber, sakatarorin biro da ƴan kasuwa masu ajiye lissafi a inji. Yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke magana, shi ya sa na bar sunayen maɓallai yadda za ka gan su a allo.

1. Mene ne fayilolin tsari, kuma me ya haɗa su da saka manhaja?

Su ne fayilolin da Windows kanta take tsaye a kansu, galibi cikin dosiyen C:\Windows. Manhajar da kake son sakawa ba ita ke shigar da kanta ba. Tana roƙon Windows ta buɗe mata wuri, ta kwafe mata fayiloli, ta rubuta sunanta a rajista, wato kundin da Windows ke ajiye saitunanta, ta kuma ara mata ƙananan fayilolin nan masu ƙarewa da .dll. Idan ɗaya daga cikin waɗanda za su yi wannan hidima ya lalace, aikin zai tsaya a tsakiya ko da manhajar lafiyarta lau.

Windows tana da wani dosiye mai suna WinSxS inda take ajiye kwafin asali na sassanta. Ka ɗauke shi kamar rumbu: abin da ya lalace a tsakar gida, daga nan ake ɗebo madadinsa, amma in gara ta shiga rumbun kansa sai an nemo daga waje. Amsa ta 6 da ta 7 duk a kan wannan suke.

2. Ban goge komai ba, to me ya lalata su?

A garin nan babban mai laifi shi ne ɗaukewar wuta. In kwamfutar tebur tana cikin rubuta wani fayil, musamman lokacin da take sabunta kanta ta rubuto maka kada ka kashe, sai wuta ta tafi, fayil ɗin zai tsaya rabi sabo rabi tsoho. Kwamfutar hannu da batirinta ya mutu, wadda ba ta aiki sai a jone, ita ma haka take. Danne maɓallin kunnawa don kashe inji da ƙarfi duk lokacin da ya yi nauyi yana yin irin wannan ɓarnar. Mai kwamfutar tebur da ba shi da ondilar, akwatin batirin da ke riƙe inji in wuta ta ɗauke, ko da ƙaramin da zai riƙe wuta na minti biyar a kashe inji cikin natsuwa, zai riƙa dawowa wurin gyara.

Sai zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta cika fanka. In ka buɗe kwamfutar da ta shekara biyu a shago bakin hanya, za ka tarar da jar ƙura ta daskare a bakin fanka kamar auduga, iska ba ta fita. Irin wannan injin yana mutuwa da kansa yana tsakiyar aiki.

Akwai kuma abin da mutum ke jawowa da hannunsa: birus daga kile ta USB da ta zaga siber uku, manhajojin da ke cewa suna share datti su ƙara gudu, da irin Windows ɗin da wani ya rarage ya ce ta fi sauƙi. Wannan ta ƙarshe ba na sonta ko kaɗan, domin sassan da aka cire mata sau da yawa su ne manhajoji ke nema daga baya, kuma abin da aka cire da gangan ba ya gyaruwa da sfc, umarnin Windows mai duba fayilolin tsari ya gyara su (amsa ta 6).

3. Yaya zan gane laifin na Windows ne ko na fayil ɗin da na sauke?

Gwada saka wata manhaja daban, ƙarama, wadda ka sauke daga shafin masu ita, misali 7-Zip ko VLC. In ta shiga, to zargi ya koma kan fayil ɗin farko. In kuwa duk abin da ka kawo sai ya ƙi, matsalar tana cikin gida. Haka nan za ka iya kai fayil ɗin da ya ƙi wata kwamfutar ka gani.

Fayil da ya yanke a hanya abu ne na kullum a wurinmu: rezo ya faɗi, ko forfe ya ƙare saura kaɗan, fayil ya zauna da sunansa daidai amma cikinsa bai cika ba. Saƙon «NSIS Error» kusan kullum wannan yake nufi. In masu manhajar sun buga lambar SHA256 a shafinsu, wato lambar tantance fayil, buɗe baƙin allon umarni (amsa ta 6) ka rubuta `certutil -hashfile sunanfayil.exe SHA256` ka gwada lambar da ta fito da tasu. Ko harafi ɗaya ya bambanta, sake saukewa. Ka kuma sani kile mai tsarin FAT32 ba ta ɗaukar fayil guda da ya kai jiga 4, sannan akwai kile ta jabu da ke nuna jiga 64 alhali cikinta kaɗan ne, tana karɓar fayil ta lalata shi ba tare da ta ce komai ba.

Duba agogon kwamfutar ma. In kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kunna, ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo ne ya mutu, CR2032 a yawancin kwamfutocin tebur. Da agogo mara daidai, manhajar da ke ɗebo sassanta daga intanet za ta ƙi, ba tare da ko fayil ɗaya na Windows ya lalace ba.

4. Wata lamba take fito mini. Me take nufi?

Da farko ɗauki hotonta da waya kafin ka danna OK. Mutane da yawa suna zuwa su ce «ta rubuta erar», kuma wannan ba ya isa a san inda za a dosa.

Waɗanda ke nuni ga lalacewa kai tsaye su ne 0x80073712, wato WinSxS ya samu matsala (amsa ta 7). 0x80070570, wani fayil ko dosiye ba ya karantuwa. Da 0x80070017, abin da aka karanto bai yi daidai da abin da aka rubuta ba. Biyun ƙarshe suna sa in fara zargin diski ko kile (amsa ta 5). Lamba 1935 galibi tana fitowa lokacin saka Visual C++ ko .NET, kunshin Microsoft da manhajoji ke dogara da su, ita ma ana bi ta hanyar sfc da DISM, umarnin da ke gyara WinSxS (amsa ta 7).

Wasu kuwa ba ruwansu da lalacewa. 0x80070070 wuri ne ya cika a diski. 0x80070005 izini ne babu, sai ka danna dama a kan fayil ɗin ka zaɓi «Exécuter en tant qu'administrateur». 1618 tana cewa wani aikin sakawa yana tafiya a ɓoye, sau da yawa Windows Update ne, sai ka jira ko ka sake kunna inji. Lambobin 1603, 1719, 2502 da 2503 suna amsa ta 10.

5. Kafin in fara gyara, me ya kamata in yi?

Kwashe takardunka zuwa wani diski na waje ko kile mai kyau. Memuwar, hotunan biki, lissafin shago, duk su fita tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma dalilin nace wa wannan shi ne lalacewar fayilolin tsari sau da yawa ita ce alamar farko da diski mai shirin mutuwa ke nunawa. Kwamfutocin da ake kawo mana na hannu sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin su iso Adar, da diskinsu na asali a ciki.

Bayan ka kwashe, duba lafiyar diskin da ƙaramar manhaja irin CrystalDiskInfo, wadda tana da nau'in da ke tashi daga kile ba sai an saka ta ba. In ta nuna shuɗi, ci gaba. In ta nuna rawaya ko ja, ko kana jin diskin yana ƙas-ƙas, bar maganar gyaran Windows ka nemi wani diskin, SSD, irin diskin da babu abin da ke juyawa a cikinsa, in da hali. Zuba sabuwar Windows a kan diski mai ciwo ɓata kuɗi ne.

In diski lafiya yake, buɗe «Invite de commandes» yadda aka nuna a amsa ta 6 ka rubuta `chkdsk C: /f`, umarnin da ke duba diski ya gyara kurakuransa. Za ta tambaye ka ko a yi aikin idan an sake kunnawa. A Windows ta Faransanci harafin O za ka danna. Akwai kuma `chkdsk C: /r` mai bin diski lungu-lungu, yana iya cin awoyi, kuma kada ka sa shi a diski mai rauni da ba a kwashe kayansa ba, yana iya ƙarasa shi.

6. Yaya ake amfani da sfc /scannow?

Danna maɓallin Windows ka rubuta cmd. In «Invite de commandes» ta bayyana, danna dama ka zaɓi «Exécuter en tant qu'administrateur». A baƙin allon rubuta `sfc /scannow`, da tazara tsakanin sfc da alamar /, sannan Entrée. A allon rubutu na Faransanci alamar / tana fitowa da Maj haɗe da maɓallin ɗigo biyu, alamar \ kuma da AltGr da 8. Na faɗi haka ne saboda kwamfutoci da yawa maɓallansu na Ingilishi ne ko na Jamusanci amma Windows tana karanta su da Faransanci, mutum ya yi ta neman alamar bai same ta ba.

Bar shi ya kai 100%, kuma ka zaɓi lokacin da kake da tabbacin wuta ko cikakken batiri. Zai ba ka ɗaya daga amsa huɗu. In ya ce «aucune violation d'intégrité», fayilolin da yake tsaro lafiya suke, sai ka koma amsa ta 3 ko ta 10. In ya ce ya samu lalatattu ya gyara, sake kunna inji ka gwada manhajarka. In ya ce ya samu amma wasu sun gagare shi, wuce amsa ta 7. In ya ce ya kasa yin aikin gaba ɗaya, yi chkdsk na amsa ta 5, sannan ka sake gwadawa a «mode sans échec», yanayin da Windows ke tashi da muhimman sassanta kaɗai.

Mai son ganin sunan fayil ɗin da ya gagara zai same shi a C:\Windows\Logs\CBS\CBS.log, a layukan da ke ɗauke da alamar [SR].

7. sfc ya ce ya kasa gyara wasu. Shi ke nan sai formate, wato a share diski a zuba sabuwar Windows?

A'a, da saura. Galibi abin da ya faru shi ne kwafin da sfc ya je ɗaukowa a WinSxS shi ma ya lalace. Daga Windows 8 zuwa sama akwai DISM mai gyara wannan wurin. A baƙin allon nan rubuta `DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth`. Zai nemo lafiyayyun sassa ta Windows Update, don haka yana son intanet mai ɗorewa. In ta waya ka jona, tabbatar da forfe zai kai. Wanda yake son ya duba kawai ba tare da gyara ba sai ya sa /ScanHealth a madadin /RestoreHealth.

DISM yana da ɗabi'ar tsayawa a lamba ɗaya, sau da yawa wajen 62%, ya daɗe kamar ya mutu. Yana aiki ne. Mutane da yawa a nan suke kashe inji su ƙara wa kansu ɓarna. In ya gama, sake kunnawa, ka maimaita sfc /scannow, domin DISM ya gyara ma'ajiyar ne kawai, sfc ne zai ɗebo daga ciki ya maye gurbin fayilolin da ake aiki da su.

8. DISM ya ba ni 0x800f081f, ko kuma ba ni da intanet mai ƙarfi. Akwai wata hanya?

Akwai. Lambar tana cewa bai samu inda zai ɗebo ba, sai ka ba shi da hannunka daga ISO, wato fayil guda mai ɗauke da kayan saka Windows, ko kuma kilen saka Windows. Sharaɗin shi ne ta yi daidai da wadda ke cikin injinka. Rubuta `winver` ka ga nau'inta, kamar 22H2, ka kuma san ko Famille ce ko Professionnel, mai bit 64 ko 32.

Danna ISO sau biyu, za ta buɗe da harafinta, mu ce E. Rubuta `DISM /Get-WimInfo /WimFile:E:\sources\install.wim` ka ga lambar nau'inka a jerin. In lambar 6 ce misali, sai ka rubuta `DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth /Source:wim:E:\sources\install.wim:6 /LimitAccess`. In a dosiyen sources install.esd ka gani, canza wim zuwa esd a duk inda ya fito cikin wannan layin. Wani lokaci duk da haka yakan ƙi, saboda injinka ya riga ya karɓi sabuntawar da ISO ɗin bai da ita. In haka ta faru kada ka ɓata yini, tafi amsa ta 13.

Irin wannan lambar tana fitowa in tsohuwar manhajar lissafi ko ta makaranta ta nemi .NET Framework 3.5. Da ISO ɗin a buɗe, wannan layin yana saka shi ba intanet: `DISM /Online /Enable-Feature /FeatureName:NetFx3 /All /LimitAccess /Source:E:\sources\sxs`.

9. Ta ce wani fayil .dll ya ɓata. In sauke shi daga intanet in zuba a dosiyen System32 na Windows?

Kada ka yi. Shafukan da ke raba .dll ɗai-ɗai ba ka san abin da suka cusa a ciki ba, kuma ko da fayil ɗin tsarkakakke ne, sau da yawa na bit 32 ake zubawa inda ake son na 64, sai ka wayi gari da 0xc000007b. Abin yana da rikitarwa ko ga masu gyara, domin a Windows mai bit 64 fayilolin 64 suna System32, na 32 kuma suna SysWOW64.

Yawancin waɗannan fayiloli ba ma na Windows ba ne, na kunshin Visual C++ ne da Microsoft ke bayarwa kyauta, shi ya sa sfc ba ya dawo da su. MSVCP140.dll da VCRUNTIME140.dll suna cikin kunshin 2015 zuwa 2022, MSVCR120.dll na 2013 ne, MSVCR110.dll na 2012, MSVCR100.dll na 2010. Sauke kunshin daga shafin Microsoft, ka saka na x86 da na x64 duka biyu in injinka mai bit 64 ne.

10. sfc da DISM sun ce komai lafiya, amma 1603 ko 1719 ba ta daina fitowa ba.

To matsalar tana wajen Windows Installer, sashen da ke saka manhajoji masu .msi. Lamba 1719 tana cewa ba a samu sashen ba. Rubuta `msiexec /unregister`, sannan `msiexec /regserver`, ka sake kunnawa. Ka tuna a «mode sans échec» wannan sashen ba ya tashi, don haka ba a can ake gwada sakawa ba. Lambobin 2502 da 2503 yawanci izinin dosiyen C:\Windows\Temp ne ya rikice, kuma ƙaddamar da fayil ɗin daga baƙin allon mai izinin administrateur yakan wuce da su.

Ita 1603 ba ta faɗin komai sai cewa aiki ya faɗi. Don ka san dalili, rubuta `msiexec /i sunanfayil.msi /L*v rahoto.txt`, ka buɗe rahoton ka nemi «Return value 3». Layukan da ke samansa su ne ke faɗin abin da ya tsayar da aikin. Sau da yawa ragowar tsohuwar manhajar ce da aka goge dosiyenta da hannu maimakon a cire ta ta hanyarta.

Akwai ɓoyayyen dosiye C:\Windows\Installer da yake kumbura ya cinye jiga da yawa. Mai ƙaramin diski yakan gan shi ya share. Daga ranar manhajojin da ke cikin injin ba za su ciru ba, ba za su sabuntu ba, kuma sfc da DISM ba sa mayar da abin da ke cikinsa.

11. Tawa Windows 7 ce. Duk wannan ya shafe ni?

sfc da chkdsk suna aiki a kanta. /RestoreHealth kuwa babu shi. Madadinsa shi ne kayan gyaran Microsoft mai lamba KB947821. In saƙon ya ambaci api-ms-win-crt-runtime-l1-1-0.dll, sabuntawar KB2999226 ce babu.

Sai dai sau da yawa babu abin da ya lalace, zamani ne ya wuce ta. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, da 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023, kuma Chrome 109 ne na ƙarshe da ke shiga cikinsu. Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 tana son TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin inji, da aƙalla jiga 4 na RAM, ma'ajiyar wucin gadi da inji ke aiki da ita. In masu manhaja sun rubuta cewa sai Windows 10 zuwa sama, babu umarnin da zai sa ta shiga 7.

12. Na gyara, ta yi sati lafiya, matsalar ta dawo.

Wani abu a ƙasa yana ci gaba da lalatawa. Sake duba diski kamar a amsa ta 5. Sannan gwada RAM: rubuta `mdsched` ka bar inji ya sake tashi ya auna kansa. RAM mai matsala tana ɓata fayil lokacin da ake kwafe shi, kuma alamarta ita ce kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau wannan fayil gobe wancan. Wani lokaci cire ta a goge ƙurar bakinta a mayar ya wadatar.

Na uku birus ne, irin su Sality da Ramnit masu shiga cikin fayilolin .exe su manne. In irinsu ya kama inji, duk manhajojin da ka tara a kile sun kamu, kuma kana gama gyara ka saka ɗaya daga cikinsu ka dawo da shi. Kile da dosiyoyinta suka koma «raccourci» ita ma alama ce. A nan shawarata ita ce a kwashe takardu da hotuna kaɗai, a bar duk wani .exe, a share diski a zuba sabuwa, a sauke manhajoji daga tushe. Manhajar da aka fasa don kada a biya kuɗi, wadda ke cewa ka kashe antibirus kafin ka saka ta, ita ce ƙofar da suka fi shigowa ta ciki.

13. Akwai hanyar sabunta Windows ba tare da na rasa kayana ba?

Akwai biyu kafin a kai ga formate. Ta farko, rubuta `rstrui` ka ga ko akwai wurin komawa na ranar da inji yake lafiya. Ba ya taɓa takardunka, manhajojin da aka saka bayan ranar ne kawai za su fita. Sai dai a injina da yawa za ka tarar an kashe wannan tsarin.

Ta biyu ita na fi so, kuma ban cika ganin ana yinta a garin nan ba. Kana cikin Windows ɗinka, buɗe ISO irin tata, danna setup.exe, ka zaɓi a riƙe fayiloli da manhajoji. Za ta sake shimfiɗa fayilolin tsari gaba ɗaya, Word ɗinka da manhajar lissafinka da firinta su zauna yadda suke. Dole harshen ISO ya zama ɗaya da harshen da aka fara saka Windows da shi. Kwamfutar da ta zo da Ingilishi ko Jamusanci aka ɗora mata Faransanci daga baya, ISO na Faransanci ba zai ba ka zaɓin riƙe manhajoji ba. `DISM /Online /Get-Intl` zai nuna maka harshen asali. Aikin yana iya wuce awa ɗaya kuma inji zai sake tashi sau da yawa, don haka a yi shi inda akwai ondilar ko sola.

14. In zan kai wa mai gyara, me zan ce masa?

Kai masa hoton lambar, sunan manhajar da inda ka samo ta, ka kuma gaya masa gaskiyar abin da ya faru kafin matsalar, ko wuta ce ta tafi, ko yaro ya saka wasa, ko kai ne ka share wani dosiye. Tambaye shi ko ya duba lafiyar diski, ka ce ya nuna maka a allo. In ya ce formate, tambayi ko ya gwada hanyar amsa ta 13, da kuma wace Windows zai zuba, cikakkiya ko rarragaggiya. Ka tsaya a kwashe kayanka a gabanka, har da na Bureau da Téléchargements, inda mutane suka fi mantuwa.

In diskinka yana kulle da BitLocker, tsarin Windows mai kulle abin da ke cikin diski, nemo mabuɗinsa mai lamba 48 tun kana gida. Galibi yana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga injin da shi, kuma in babu shi mai gyara ba zai iya karanta diskin a wata kwamfutar ba.